Kafin A Sauke Akwatin Giya

 

Yau zancen mota na kawo muku. Na san wani zai ce, "Malam, ni ko jaki ba ni da shi, ina ruwana da mota?" To, da ruwanka. Albasar da ka noma, mota ce ke kai ta Madawa ko Galmi. Buhun takin da ka saya, mota ce ke kawo shi. Ranar da ciwo ya fi ƙarfin likitan gari, mota ce ke ɗaukar marar lafiya zuwa Buza. In motar gari ta kwanta, kowa sai ya ji a jikinsa. Kuɗin gyaranta ma daga aljihunka yake fita, domin a kan kuɗin mota ake ɗora shi.

Aikina shi ne koyar da manya karatu a nan Tama. Amma a gidan kawuna na tashi, shi kuwa yana da tsohuwar mota. Tun ina yaro nake wanke ta, nake miƙa sifana in ana gyara. Abin da na koya a gefenta shi zan faɗa muku. Tsohuwar mota ba ta kwanciya sai ta yi magana. Tana ƙara, tana wari, tana ɗigar da mai. Wanda ya iya saurare zai fara neman ciwon daga waje, inda gyara ke da araha. Sai ya rasa shi a waje, sannan ya shiga ciki, inda gyara ke da tsada.

Motar da nake nufi

Motar kawu Peugeot ce, wadda muke kira Fijo, 504 mai buɗaɗɗen baya. Irinta muke ce wa bashe. A Faransa aka fara ƙera 504 a 1968, ita kuwa mai buɗaɗɗen baya ta fito a 1979. Kafin ita akwai yayarta 404, ta 1960. A 1975 aka buɗe masana'antar haɗa Fijo a Kaduna, can aka yi ta haɗa 504 har bayan shekarar 2000. Shi ya sa kayan gyaranta suka yi yawa a ƙasar Hausa. Mota ce mai jimiri. A 1975 ɗin nan ita ce ta ci babbar tseren motoci ta Safari a ƙasar Kenya, inda hanya ta fi tamu muni.

Kawu ya ce tasa ta shigo ƙasar nan a shekarun da aka fara aikin raya ƙasa na Keita, wato wajen 1984. Shi ne mutum na uku da ya mallake ta. Ke nan ta kai shekara 40, ta girme ni. Yau Toyota da babura da masu ƙafa uku sun cika hanya, irinta ta yi ƙaranci. Duk da haka, abin da zan faɗa a kanta ya shafi kowace mota da ake sa wa giya da hannu.

Yadda giya take aiki

Inji yana juyawa da sauri, amma ƙarfinsa kaɗan ne in an gwada da nauyin mota da kaya. Akwatin giya, wanda makanikanmu ke kira buwat, shi ke juya saurin nan ya zama ƙarfi. A cikinsa akwai ƙarafa masu haƙora, manya da ƙanana, suna cizon juna. Giya ta ɗaya ƙarfi ne da ita, ba gudu. Da ita ake tashi, da ita ake hawan dutse. Ta huɗu gudu ne da ita, ba ƙarfi. Wanda ya taɓa hawan keke mai canji ya san wannan a ƙafarsa.

Tsakanin inji da akwatin giya akwai kuloci. Mu nan ambirayaj muke cewa, ƴan'uwanmu na Najeriya su ce kuloci. Ka ɗauki faifai biyu ka manna su da ƙarfi. In ka juya ɗaya, ɗayan ma zai juya. In ka raba su, ɗaya zai juya shi kaɗai. Haka kuloci yake. In direba ya taka shi, faifan sun rabu, inji ya saki akwatin giya, sai a canja giya. In ya ɗaga ƙafa, sun haɗu, mota ta tafi. A 504 ƙafar direba ba ta taɓa faifan da kanta. Wani mai ne, irin na birki, ke bin siririn bututu ya kai saƙon.

Akwai kuma wasu zobba na tagulla a cikin akwatin. Makanikai suna ce musu sinkiro. Ku duba mata biyu suna daka a turmi ɗaya. In kowace ta jira lokacinta, daka yana tafiya da daɗi. In ɗaya ta yi gaggawa, taɓare su gwabza. Aikin zoben tagulla shi ne ya daidaita gudun ƙarafa biyu kafin haƙoransu su haɗu. In ya cinye, sai ka ji "gurrr" lokacin sa giya.

Kun ga ke nan abu uku ne ke aiki tare: sandar giya da ƙarafan da ke haɗa ta da akwati, kuloci da mansa, sai akwatin kansa. Biyu na farko ana kai musu hannu daga waje, ko da ba duka ba. Na uku sai an sauke shi an buɗe.

Abin da ya same mu a 2024

A watan Fabrairu na 2024, albasa ta fara fitowa a fadamar Majiya. Lokacin ne mai mota ke samun abin da zai ci shekara. Sai motar kawu ta fara gardama. Da safe in an tashe ta, giya ta ɗaya ba ta shiga sai da kokawa. Ta baya kuwa, wato ribas, in an taɓa ta sai ƙara kamar injin niƙa. Kwana uku abin yana ƙaruwa. Ran na huɗu ta ƙi shiga sam, da buhu 15 na albasar mutane a bayanta.

Aka kira wani saurayin makanike. Ya hau, ya ja sanda sau biyu, ya ji ƙarar, ya sauko. Ya ce, "Alhaji, buwat ta mutu. Sai an sa wata." A lokacin iyakar Nijar da Najeriya tana rufe, tun daga Agusta 2023, ba a buɗe ta ba sai Maris 2024. Kayan gyaran da ke shigowa ta Ƙonni sun yi wuya, sun yi tsada. Da kawu ya lissafa kuɗin tsohon akwati da na aiki, sai ya ga babu mafita sai ya sayar da ɗaya daga cikin shanun nomansa biyu. Sa ɗaya kuwa ba ya jan garma shi kaɗai. Damina tana tafe. Daren nan kawu bai ci tuwo ba.

Washegari ya ce, "Ɗana, ɗauko babur. Akwai wani dattijo a Madawa, shi ke duba motar nan tun tana hannun mai ita na farko. Bari mu ji bakinsa kafin in kai sa kasuwa." Muka je muka ɗauko shi.

Dattijon nan bai taɓa sifana ba sai da ya yi tambaya.

Ya ce, "Alhaji, giya ɗaya ce ke ƙara, ko duka?"

Kawu ya ce, "Duka. Amma ta ɗaya da ribas sun fi."

"In inji yana kashe fa, suna shiga?"

Kawu ya yi shiru, ya ce bai gwada ba. Dattijo ya juyo wurina. "Mushe, hau ka gwada mana. Kada ka tashe ta."

Na hau, na ja sanda. Ɗaya, biyu, uku, huɗu, ribas. Duka suka shiga sumul, ba ƙara. Na ce, "Baba, ai sun shiga."

Ya ce, "To, yanzu tashe ta. Taka kuloci sau biyar da sauri, ka riƙe, sannan ka sa ta ɗaya."

Na yi haka. Giya ta shiga. Dattijo ya yi murmushi. Ya ce, "Alhaji, bar sanka a gida. Akwatin nan lafiyarsa lau. Kuloci ne ba ya sakin inji."

Ya buɗe gaban mota ya nuna mana ɗan gwangwanin man kuloci. Saura kaɗan ya ƙafe. Ya kwanta ƙarƙashi ya shafa wani ɗan tulun ƙarfe da ke manne da gefen akwati, wanda ke tura kuloci. Hannunsa ya fito jiƙe. Wata ƴar roba ce a ciki ta tsufa ta tsage. Mai yana zurara, iska tana shiga. Ita kuwa iska matsuwa take yi. In ka taka, ƙarfin ƙafarka ya ƙare wurin matse iska, bai kai ga faifai ba. Takawa sau biyar ta tara ƙarfin na ɗan lokaci, shi ya sa giya ta shiga.

Robar nan kuɗinta bai kai na zakara ba. Ya sa sabuwa, ya cika mai. Ni na zauna ina takawa, shi yana ƙasa yana buɗe ɗan noti yana rufewa, har mai ya fito ba kumfa. Kafin la'asar albasa ta kama hanyar Madawa.

Saurayin farko ba macuci ba ne. Gaggawa ya yi, ya ji ƙara daga akwati, ya ɗora wa akwati laifi. Amma ba kullum ne mai kuka yake zama mai ciwo ba. Da muka zauna shan shayi, na roƙi dattijon ya faɗa mini sauran alamomi. Yana faɗa ina rubutawa. Ga su nan, tare da abin da na gani da idona daga baya.

Alama ta farko: duka giyoyi suna gardama

Yi gwajin da muka yi. Kashe inji, ka ja sanda. In giyoyi sun shiga da sauƙi, amma in inji yana aiki su ƙi, to ka tuhumi kuloci. Duba gwangwanin mai. Duba ƙarƙashin mataki, kusa da ƙafar direba, ko akwai danshi. Duba ɗan tulun da ke gefen akwati. A motocin da waya ke jan kulocinsu, ka duba ko wayar ta saki ko ta fara tsinkewa.

In kuwa ko inji yana kashe sandar tana da tauri, duba ƙarafan da ke haɗa ta da akwati. Wasu Fijo sandarsu a jikin sitiyari take, da gaɓoɓi da yawa kafin ta kai ƙasa. Ƙurar hunturu da yashi suna cika gaɓoɓin nan. Wanki da ɗan giris sukan warware matsalar.

A kula: man birki kaɗai ake zubawa a gwangwanin kuloci. Man inji yana kumbura robobi ya kashe su. A wasu motoci ma gwangwani ɗaya kuloci da birki ke sha. In man ya ragu, ba giya kaɗai ke cikin haɗari ba, har da rayukan fasinja.

Alama ta biyu: giya ɗaya ce ke ƙara

In sauran suna shiga lafiya, ɗaya ce kawai ke "gurrr", to zoben tagullarta ya cinye. Galibi ta biyu ce, domin ita ta fi wahala a hanyoyinmu. Wannan ciwon na ciki ne, amma ba ya kwantar da mota yau. Direba zai iya lallaɓawa. Ya taka kuloci, ya fitar da giya zuwa firi, ya ɗaga ƙafa, ya sake takawa, sannan ya sa. In saukowa yake daga babbar giya zuwa ƙarama, ya ɗan taɓa totur lokacin da take firi. Tsofaffin direbobin manyan motoci duk haka suke yi. Da wannan dabara za a iya kai ƙarshen kakar albasa, a tara kuɗi, a yi gyara a natse.

Ribas a tsofaffin motoci ba ta da zoben tagulla. Sai mota ta tsaya cik. Ka taka kuloci, ka ƙirga uku, sannan ka sa. Ƙarar da wasu ke ji a ribas rashin haƙuri ne kawai.

Alama ta uku: inji yana ihu, mota ba ta gaba

Wannan a hawa ake gane shi. Duk wanda ya fito daga kwarin Majiya ya hau tudun Adar da kaya ya san wurin. Ka taka totur, inji ya ɗaga murya, mota tana jan ciki. Sai wari ya taso kamar an ƙona tsumma. Faifan kuloci ne ke zamewa. Ko ya cinye, ko mai ya zuba a kansa.

Ga gwajinsa. Nemi fili, ba kowa a gaba. Ja birkin hannu sosai. Sa giya ta huɗu, ka ɗan ba da wuta, ka ɗaga ƙafa daga kuloci a hankali. In inji ya mutu, faifai yana kamawa. In ya ci gaba da aiki, faifai ya gama. Sau ɗaya ake wannan gwaji, kada a maimaita, domin yana cin faifai.

Gyaran nan sai an ja akwati baya, amma ba sai an buɗe cikinsa ba. In an riga an sauke, a canja har da boris ɗin da ke tura kuloci. A duba kuma inda mai ke ɗigowa. Wanda ya sa sabon faifai bai toshe yoyo ba, zai biya kuɗin aiki sau biyu.

Alama ta huɗu: giya tana fita da kanta

Kana tafiya, ka ɗaga ƙafa daga totur ko ka faɗa rami, sai sanda ta yi tsalle ta koma firi. Fara da robobin da inji da akwati ke zaune a kansu. Gargadar hanyar burji tana yayyaga su. In sun yage, inji yana girgiza ya fizge sanda. Sannan ka duba ƙarafan haɗi, ko sun yi sako-sako har giya ba ta shiga ta zauna. In duk waɗannan lafiya suke, to ciwon yana ciki. Ko cokalin da ke tura giya ya cinye, ko haƙora sun daƙushe.

Na taɓa shiga wata mota na ga an ɗaure sandar giya da robar taya. Direba yana dariya, ni ban yi ba. A gangara giya ce ke taimakon birki wurin riƙe mota. In ta fita a tsakiyar gangara, da kaya da mutane a sama, birki kaɗai aka bari. Birki kuwa in ya yi zafi, ƙarfinsa raguwa yake.

Alama ta biyar: ƙara iri iri

Dattijo ya ce kunne ya fi sifana. Tsayar da mota, inji yana aiki, giya a firi. In kana jin gurnani, ka taka kuloci ya ɗauke, to boris ne a cikin akwati. Wasu rulma suke ce masa. In kuwa shiru ne, sai ka taka kuloci ƙara ta taso, to boris ɗin kuloci ne, ba na akwati ba.

A kan hanya kuma, in akwati yana kuka a ta ɗaya da ta biyu da ta uku, ya yi shiru a ta huɗu, ciwon yana sandar ƙasa ta cikin akwati. Dalili shi ne, a ta huɗu ƙarfin inji yana wucewa kai tsaye, bai bi ta wannan sanda ba. In kuwa kukan yana ƙaruwa da gudun mota, ko wace giya aka sa, ka bar akwati ya huta. Je ka duba pon, wato tulun da ke tsakanin ƙafafun baya, ko boris ɗin taya. An sha sauke akwati mai lafiya saboda kukan da ke fitowa daga baya.

Man akwati

Direbobi da yawa suna duba man inji kowace safiya. Man akwatin giya kuwa sai shekara ta zagayo ba a tuna da shi ba, domin ba shi da sandar awo. Noti biyu ne da shi, na zubawa a gefe, na juyewa a ƙasa. Ajiye mota a wuri mai daidai, ka buɗe na gefe, ka sa yatsa. Mai ya kamata ya kai bakin ramin.

In za ka juye mai, fara buɗe notin gefe. In ka juye tukuna sannan na gefe ya ƙi buɗuwa, ka bar akwati ba mai, ba kuma hanyar zubawa.

Tari man a kwano mai tsabta, ka kai shi rana ka duba. In ya yi fari kamar an dama da nono, ruwa ya shiga. Hakan yana faruwa da damina in an ratsa ƙorama mai zurfi. A canja shi nan da nan, domin ruwa yana sa boris tsatsa. In kana ganin ƙyalli kamar garin zinariya, zobban tagulla ne ke narkewa. In ka ga gutsattsarin ƙarfe da za ka iya ɗauka da yatsa, to wannan karon akwati ne da gaske. A buɗe shi kafin ya farfashe.

Wane mai za a zuba? Wanda littafin motar ya faɗa. Akwatin 504 mai giya huɗu, man inji aka rubuta masa, kaɗan fiye da lita 1. Pon ɗinta kuwa mai kauri yake sha. Wasu motocin, akwatinsu ma mai kauri ne. Ana yawan cewa mai kauri ya fi ƙarfi, sai a ɗura shi ko'ina. Da sanyin Disamba sai sandar giya ta ƙi motsi da safe, a ce akwati ya lalace.

Hannu da ƙafar direba

Yawancin ciwon giya daga ɗabi'a yake farawa. Kada ka bar ƙafa a kan kuloci kana tafiya, ko da ba ka taka ba. Nauyin ƙafar yana cin boris da faifai. Kada ka jingina hannu a kan sandar giya, yana cin cokalin ciki. Kada ka riƙe mota a hawa da rabin kuloci, ja birkin hannu. Kada ka sa firi a gangara don tsimin mai. Man da za ka rage bai kai ran mutum ɗaya ba.

In mota ta kafe a yashi, kada ka yi ta ba ta wuta. Minti kaɗan sun isa su ƙone faifai. A sauke mutane, a haƙe gaban tayu, a shimfiɗa kara ko rassa, a ɗan rage iskar taya, a tura.

Mu fasinja ma muna da namu. Mu ne ke cewa, "Haba direba, buhu ɗaya ne kawai, ɗora mini." Kowa da buhunsa ɗaya, har bayan mota ya kusa taɓa ƙasa. Kuloci ne ke biyan wannan alfarma a kan dutse.

In man kuloci ya ƙare a daji, ba a rasa dabara ba. A kashe inji, a sa giya ta ɗaya, a murza makulli. Mota za ta zabura ta tashi. A tafi a hankali har gari mafi kusa. Wannan ta ranar wuya ce kawai, kuma sai an tabbata ba kowa a gaba. In kuwa jan motar za a yi zuwa nesa, a kwance dogon ƙarfen da ke kai juyi daga akwati zuwa baya. In inji ba ya aiki, mai ba ya fantsama a cikin akwati, tayu kuma suna juya shi a bushe.

Abu ɗaya kuma da ya fi duk waɗannan. Kada kowa ya shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe. A sa kututture mai ƙarfi, a tare tayu da duwatsu. Jak a kan yashi ba shi da amana.

Abin da za ka kai wa makanike

Wanda ya je likita ya ce "jikina duka ke ciwo" ya wahalar da likita, ya wahalar da kansa. Haka ma wanda ya ce wa makanike "giya ta lalace". Kafin ka je, nemi amsar tambaya biyar. Wace giya ce, ɗaya ko duka? In inji yana kashe tana shiga? Da safe ne ko sai mota ta yi zafi? Ƙarar tana zuwa in an taka kuloci ko in an saki? Akwai mai a ƙasa inda motar ta kwana?

Kawu ya sayi ɗan littafi ya ajiye a aljihun mota. Yaron motarsa ke rubutawa: ranar da aka canja mai, ranar da aka fara jin ƙara, abin da aka saya da kuɗinsa. Makanike na kirki yana murna da irin wannan bayani, domin yana rage masa lalube. In kuwa wani ya ce a sauke akwati bai tambaye ka komai ba, ka gode masa, ka nemi bakin wani. In an canja wani abu, ka ce a ba ka tsohon ka gani.

Ƴan'uwa, tsofaffin motocin nan ba za a sake ƙera irinsu ba. Dattawan da suka san su ciki da waje suna ƙarewa. Samari masu koyon gyara su zauna kusa da su, su yi tambaya, su rubuta. Masu mota kuma kada su jira ranar kasuwa su duba mai, Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Wanda ya karanta wannan, ya karanta wa direban garinsu.

Allah ya kiyaye hanya, ya kai kowa gida lafiya. Sai wani jiƙon.